Attack on Titan daga kashi na 1 zuwa ƙarshe: abin da za ka samu da abin da zai ɓata maka rai

Wanda bai taɓa kallon Attack on Titan ba, kuma yana da niyya, ya karanta sakin layi huɗu na farko ya dakata. Daga nan fasa ƙwai zan yi, har da wanda ya mutu da wanda ya kashe shi, kuma labari ne da rabin daɗinsa yana cikin rashin sanin abin da ke gaba. Hukuncina kuwa ba zan ja shi ba: ya cancanci kuɗin data, ya cancanci baccin da zai hana ka. Sai dai ba na yara ba ne, kuma a ƙarshensa akwai wuri guda da har yau raina bai kwanta da shi ba.

Asalinsa littafin zane ne, irin wanda Japanawa ke kira manga. Hajime Isayama ya zana shi a mujallar Bessatsu Shonen ta kamfanin Kodansha daga Satumba 2009 zuwa Afrilu 2021, babi 139, juzu'i 34, kuma an buga fiye da kwafi miliyan 140. Kamfanin Wit Studio ne ya fara mayar da shi anime, wato fim ɗin zane na Japan: zango na 1 a 2013 mai kashi 25, zango na 2 a 2017 mai kashi 12, zango na 3 tsakanin 2018 da 2019 mai kashi 22. Daga nan kamfanin MAPPA ya karɓa, ya fitar da kashi 16 daga Disamba 2020, wasu 12 a 2022, sannan dogayen fitowa biyu a Maris da Nuwamba 2023. Jimilla kashi 87 ke nan da dogaye biyu, kowane kashi kamar minti 24. Dandalin kallo na Crunchyroll na ɗauke da shi a ƙasashe da yawa. Na fara kallo a waya, daga baya na koma kwamfuta, kuma shawarata ita ce a nemi allo mai faɗi da abin saurare na kunne mai kyau, domin wannan fim ne da ke aiki da tsawo da kuma sauti. A ƙaramin allo basamude mai mita 60 bai fi kan ashana ba.

Labarin a taƙaice: ragowar 'yan Adam suna zaune a bayan ganuwa uku, Maria da Rose da Sina, kowace tsawonta mita 50. A waje akwai samudawa, ƙattai masu siffar mutum, daga mita 3 zuwa 15, ba sa magana, ba sa taɓa dabbobi, mutane kawai suke ci. Ba don yunwa ba ma, tunda in cikinsu ya cika amayarwa suke yi. Ko an sare musu kai yana sake tsirowa, sai an yanke tsokar ƙeya suke mutuwa. Shekara ɗari ana zaman lafiya, sai a shekara ta 845 ta lissafin labarin wani da ya fi ganuwar tsawo ya leƙo ta samanta, ya fasa ƙofar garin Shiganshina da ƙafa. A ranar aka cinye mahaifiyar Eren Yeager a gaban idonsa, ya rantse sai ya ƙarar da su duka. Shi da abokan tasowarsa Mikasa da Armin suka shiga soja.

Abin da ya fara kama ni ba faɗa ba ne, fuskokin samudawan ne. Ba su da ƙaho ko fiƙa irin na dodon tatsuniya. Murmushi suke yi. Wani da tumbi, wani da ƙananan hannuwa, wani yana gudu yana lanƙwasa kamar wanda ya bugu. Isayama ya taɓa faɗa cewa wani bugagge da ya ci karo da shi lokacin da yake aiki a shagon intanet ne ya ba shi wannan tunani, wato tsoron halitta mai kama da kai wadda ba za ku taɓa fahimtar juna ba. Shi ɗan wani ƙauye ne a lardin Oita wanda tsaunuka suka kewaye, kuma daga can ganuwar ta samo asali. Yau a madatsar ruwa ta Oyama da ke birnin Hita akwai mutum-mutumin yaran nan uku suna ɗaga kai suna kallon bangon madatsar.

To daga nan mai niyyar kallo ya tsaya.

Zango na 1 shi ne mafi sauƙin shiga kuma shi ne mafi rauni idan aka sake kallo. Yaƙin garin Trost ya yi tsawo, ana yawan maimaita abin da ya wuce a farkon kashi, kuma Eren na ihu fiye da kima. Amma a nan aka kafa dokar da ta riƙe fim ɗin har ƙarshe, cewa babu wanda sunansa zai cece shi. A kashi na 5 an guntule wa jarumin ƙafa da hannu an haɗiye shi, sai daga baya aka gano shi ma yana iya rikiɗa basamude. Rundunar Levi, sojan da ya fi kowa iya faɗa, da aka ɓata lokaci ana nuna mana ƙwarewarsu, basamudiya mace ta gama da su cikin mintuna. Akwai kuma wani abu da aka faɗa a gurguje wanda ya fi jinin duka muni: garuruwa irin su Shiganshina an gina su ne a turo waje daga jikin ganuwa domin su tara samudawa wuri guda, kamar yadda ake ɗaure akuya a bakin rami don kura. Bayan faɗuwar ganuwar Maria abinci ya gaza, sai gwamnati ta tura mutum 250,000 wai su ƙwato ƙasar, alhali kowa ya san rage bakin ci ake yi. Kakan Armin na cikinsu. Tun daga nan mai lura zai gane ba samudawa kaɗai ke cin mutane a wannan labari ba.

Aikin zanen Wit Studio a wuraren faɗa ban ga kamarsa ba. Sojojin suna ɗaure na'ura a ƙugu mai harba ƙugiya da igiyar ƙarfe, iskar gas na tura su, suna shawagi tsakanin gine-gine da bishiyoyi. Darakta Tetsuro Araki da mai zanen motsi Arifumi Imai sun sa kyamara tana bin mutum a iska har kanka ya juya. Gudun da Levi ya yi a cikin gari mutanen wani makashi mai suna Kenny na bin sa da bindigogi, a farkon zango na 3, na kan mayar da shi baya don kawai in ga yadda aka yi. Kiɗan Hiroyuki Sawano kuwa shi ne rabin tsoron. Kuma a kalla da muryoyin Japananci ana karanta fassara a ƙasan allo. Yuki Kaji da ya yi muryar Eren ya ɗauke ta daga ihun yaro mai fushi zuwa sanyin muryar mutumin da ya riga ya mutu a ciki, kuma wannan sauyi kansa labari ne.

Shekara huɗu aka jira zango na 2, kuma a wannan tsakanin ne hasashe ya zama sana'a. A ƙarshen zango na 1 bangon ganuwa ya ɗan tsage, sai ga fuskar basamude a ciki. Me yake yi a nan? Me ya sa limamin masu bautar ganuwa ya ce a rufe shi kada rana ta taɓa shi? Me ke cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su Eren, wanda mahaifinsa Grisha ya ba shi mabuɗinsa? Hasashen da ya fi yawo shi ne cewa duk samudawa mutane ne, kuma ya tabbata ta hanya mai ciwo. Connie, abokin horonsu Eren, ya koma ƙauyensu Ragako bai tarar da gawa ko ɗigon jini ba, sai wata basamudiya kwance a kan rugujajjen gidansu, ƙafafunta sun yi ƙanƙanta ba za su iya ɗaukar ta ba. To ta yaya ta zo nan? Sai ta buɗe baki ta yi masa sannu da zuwa. Uwarsa ce.

Kashi na 31 shi ne wurin da na sallama wa Isayama. Reiner, abokin horonsu, ya ja Eren gefe a saman ganuwa, ya gaya masa cewa shi ne basamude mai sulke da ya taya fasa ganuwa, abokinsa Bertholdt kuma shi ne dogon da ya fasa ƙofa. Babu kiɗa, babu zuƙo fuska. Kyamara ma ta bi wasu mutanen ta bar su a can nesa, kamar hirar ba ta da muhimmanci. Ni da ƙanena muka dubi juna, muka mayar baya, domin kowannenmu ya ɗauka kunnensa ne ko fassarar ce ta yi kuskure. Asiri mafi girma a fim ɗin an yar da shi a ƙasa kamar bawon gyaɗa, kuma dalilin yana cikin halin Reiner: mutum ne da hankalinsa ya rabu biyu, ya daɗe yana wasan soja mai kare mutane har ya manta shi ne ya jawo musu bala'in. Idan ka koma zango na 1 za ka ga alamun a shimfiɗe. Lokacin da basamudiya mace ta damƙe shi a tafin hannunta ya kuɓuce, ta tsaya tana duban tafin, sannan ta canja hanya ta nufi inda Eren yake. Saƙo ya rubuta mata da wuƙarsa. Wannan ne ya sa nake cewa kuɗinka sau biyu yake biya, domin kallo na biyu wani fim ne dabam.

Rabin farko na zango na 3 siyasa ce, juyin mulki da sarkin bogi da Historia, magajiyar sarauta ta gaskiya, kuma wasu sun ce ya yi sanyi. Ni ban ga haka ba, amma ba zan daɗe a kai ba. Rabi na biyu, komawa Shiganshina, shi ne ƙololuwa. Kwamandansu Erwin Smith ya san hanya ɗaya ce ta rage, ya ja sababbin sojoji a kan dawakai su tunkari ruwan duwatsun basamude mai gashi, domin Levi ya samu ya lallaɓa ta gefe. Abin da ya sa wurin ya yi nauyi shi ne Erwin ya faɗa wa Levi gaskiya kafin nan, cewa duk rayukan da ya sadaukar ba don 'yan Adam kaɗai ba ne, yana son ya ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne ya tabbatar mahaifinsa bai yi ƙarya ba. Ga ɗakin saura taku kaɗan, ya haƙura. Sannan aka zo kan allura guda ɗaya mai ceton rai da mutum biyu masu shirin mutuwa, Erwin da Armin. Har yau ana musu a kan zaɓin Levi, da ya ceci Armin. Wani abokina ya dage cewa da an ceci Erwin da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Ni ina ganin Levi bai auna wanda ya fi amfani ba sam. Ya ga mutumin da aka mayar shaiɗan don wasu su rayu, ya ce ya isa haka, a bar shi ya huta.

Cikin ɗakin littattafai uku ne da hoto guda. Hoton kansa shi ne bam ɗin, domin mutanen ganuwa ba su san kyamara ba. 'Yan Adam ba su ƙare ba. A hayin teku akwai duniya mai jiragen ƙasa da jiragen sama, kuma ta tsani mutanen ganuwa. Su Eldiyawa ne, jinsin da ke iya rikiɗa samudawa, waɗanda daularsu ta danne duniya kusan shekara 2,000, har sarkinsu na 145, Karl Fritz, ya gudu tsibirin Paradis, ya gina ganuwa da jikin samudawa, ya goge tunanin talakawansa. Waɗanda aka bari a ƙasar Marley suna zaune a unguwanni killatattu irin su Liberio, da ƙyalle a dantse. Samudawan da ke cin su Eren 'yan'uwansu ne da aka yi wa allura aka jefo daga bakin teku. Mai murmushin da ta cinye uwar Eren, Dina ce, matar mahaifinsa ta fari.

Wanda ya dubi taswirar duniyar labarin ya juya ta ƙasa sama zai ga Afirka ce Marley, Madagaska kuma Paradis. Akwai kuma matuƙin jirgi baƙar fata mai suna Onyankopon, wanda 'yan'uwanmu na Kumasi za su gane nan take, domin sunan Ubangiji ne a harshen Akan. Da Sasha, abokiyar horonsu Eren, ta tambaye shi me ya sa fatarsa baƙa ce, tambayar wadda ba ta taɓa ganin baƙo ba, ya amsa mata da cewa Mahalicci ne ya so mutane su zama iri-iri. Na ji daɗin yadda aka riƙe shi da mutunci har ƙarshe. Yana cikin 'yan kaɗan da suka tsaya gaban bindiga suka faɗi gaskiya.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan labarin, wanda hayaniyar hasashe ta danne. Ana ta magana kan 'yanci, saboda ita ce kalmar bakin Eren. Ni abin da na gani daga farko zuwa ƙarshe shi ne iyaye masu ɗora wa 'ya'yansu gabar da ba su san farkonta ba. Grisha yana yaro wani jami'in Marley ya sa karnuka suka yayyaga ƙanwarsa Faye. Ya girma ya haifi Zeke, bai taɓa kallonsa a matsayin ɗa ba, makami ya gani. Yaron da babu abin da yake so illa a yi wasan jifan ƙwallo da shi, ƙarshe ya kai ƙarar iyayensa, ya girma da aƙidar cewa gara kada a haifi Ba'eldiye ko ɗaya. Uwar Reiner ta cusa masa cewa in ya zama mayaƙi mahaifinsa zai karɓe su, ya je ya samu uban ya kore shi. Mahaifin Annie, wadda ita ce basamudiya macen nan, da duka ya horar da ita. Rod Reiss ya so 'yarsa Historia ta cinye mutum don ta gaji abin da shi ya ji tsoron ɗauka. Ita kanta Ymir, asalin samudawa, yarinya ce baiwa, kuma da ta mutu sarki Fritz na farko ya sa 'ya'yanta uku, Maria da Rose da Sina, suka ci gawarta. Sunayen ganuwar ke nan. Duk mai riƙe da ɗaya daga cikin samudawa tara da ikonta ya rabu zuwa gare su shekara 13 kawai yake yi, sai wani yaro ya cinye shi ya gada.

Shi ya sa ban yarda da tsanar da aka yi wa Gabi, yarinyar Liberio da Marley ta horar mayaƙiya, ba. Da ta harbe Sasha, intanet ta kama da wuta, ana zaginta kamar mutum ce mai rai. Ni ma mutuwar Sasha ta taɓa ni sosai, yarinyar da muka sani tun tana satar dankali a filin horo. Amma Gabi 'yar shekara 12 ce da ta ga an ruguza garinsu, an kashe abokanta Udo da Zofia a gabanta. Me Eren ya yi a irin wannan hali? Rantsuwa ɗaya suka yi. Mun yafe masa ne kawai domin ta ƙofarsa muka shiga labarin. Kuma wurin da ya fi kowane girma a fim ɗin nan, a wurina, babu basamude ko ɗaya a cikinsa. A wani gidan abinci ne. Niccolo, fursunan Marley mai dafa abinci wanda ya so Sasha, ya miƙa wa mahaifinta wuƙa ya ce ga wadda ta kashe 'yarka. Dattijon mafarauci ya karɓa, ya yi shiru, sannan ya miƙa wa matarsa wuƙar ta ajiye. Ya ce shi ne ya saki 'yarsa daga daji zuwa duniya, ashe duniyar ma babban daji ce inda ake ci ko a cinye ka, kuma aikin manya ne su ɗauki laifin baya su fitar da yara daga dajin. A cikin duk iyayen labarin shi kaɗai ne aka ba dama ya miƙa gaba ga na baya ya ƙi.

Batun hasashe kuwa, akwai waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Wanda ya ci shi ne na lokaci. A ƙarshen zango na 3, Eren Kruger, wanda Grisha ya gaji ikon basamude daga gare shi, yana yi wa Grisha wasiyya ya ambaci Mikasa da Armin, alhali ba a ma haife su ba, shi kansa bai san su waye ba. Masu lura suka ce tunani na tafiya baya. Haka ne: a kashi na 79 muka ga Grisha ya durƙusa ya kasa kashe iyalin Reiss, shi likita ne, akwai yara a ciki, sai Eren na gaba ya sunkuyo kunnensa ya tunzura shi. Ɗa ne ya tura uba. Taken kashi na 1 saƙo ne zuwa ga wani bayan shekara 2,000, taken kashi na 80 kuma amsa ce daga shekara 2,000 da suka wuce.

Waɗanda suka faɗi sun fi yawa. An ce cikin Historia na Eren ne, ashe na manomin nan ne da yake jifanta da duwatsu suna yara. An ce jinin danginta na Ackerman ne ya mayar da Mikasa baiwar Eren, tunda shi ya faɗa mata haka, daga baya Zeke ya nuna babu wannan magana, ƙarya ya yi don ya nisanta ta. Babba a cikinsu shi ne cewa duniyar zagaye take yi tana maimaituwa, manga zagaye ɗaya ne, anime wani zagayen, don haka anime zai zo da ƙarshe nasa dabam. Hujjarsu ba ta banza ba ce: babin farko na manga yana da hoton yarinya tana yi wa Eren sallama wanda anime ya tsallake, ga ciwon kan Mikasa, ga sambatun Falco, abokin Gabi, a farkon zango na ƙarshe kan shawagi da takubba. Mutane suka riƙe wannan shekara biyu da rabi. Nuwamba 2023 ta zo, ƙarshen bai canja ba. Abin da na lura da shi shi ne yawancin waɗannan hasashe buri ɗaya ke ƙarƙashinsu, a wanke Eren, ko ya zama yana da wata dabara ta ɓoye, ko ya zama uba mai kare ɗansa, ko ya yi nasara cikakkiya. Labarin ya ƙi ba su. Eren ya saki samudawan ganuwa suka tattake kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya, kuma an tilasta mana kallon ƙasan ƙafafun. An nuna mana Ramzi, yaro ɗan gudun hijira da aka yanke wa hannu saboda sata, wanda danginsa suka karɓi su Eren a tantinsu suka shayar da su. Eren ya riƙe shi yana kuka yana neman gafara tun kafin ya aikata, ya kuma furta abin da ya fi komai muni, cewa da ya ji akwai mutane a wajen ganuwa takaici ya ji, domin duniyar da ya yi mafarki fanko ce. Bayan nan muka ga an take yaron da ɗan'uwansa Halil. Duk wanda ya kalli wannan ya fito yana kiran Eren gwarzo, ban san fim ɗin da ya kalla ba.

Ga inda kayan ya gaza. Na farko ƙarami ne: da MAPPA ya karɓa, samudawa da yawa an yi su da kwamfuta, kuma a kashi 16 na farko ana ganin taurinsu, musamman mai sulke. Launi ya koma toka-toka, fuskoki suka cika da layukan inuwa. Ya dace da labarin yaƙi, kuma aikin ya gyaru sosai daga 2022, amma santsin shawagin Wit bai dawo duka ba. Na biyu, abin da aka kira zango na ƙarshe ya ɗauki kusan shekara uku ana yanka shi gunduwa-gunduwa. Mai kallo yanzu wannan bai shafe shi ba.

Na uku shi ne wanda ke damuna. Bayan duk wannan gini, dalilin da aka bayar na cewa Ymir ta yi shekara 2,000 tana bauta shi ne wai son sarki Fritz na farko take yi, mutumin da ya ƙone garinsu, ya sa aka yanke mata harshe, ya sa aka farauce ta da karnuka. Kuma wai jira take ta ga Mikasa ta kashe wanda take so kafin ta samu sakewa. Na gane abin da ake nufi, akwai wanda zalunci ke ɗaure shi da azzaluminsa har ya kira abin so. Amma wannan magana ce mai nauyi da ke buƙatar kashi guda nata, sai aka jefo ta a jimla biyu daga bakin Eren, ita Ymir ba a bar ta ta ce komai ba. Haka ma bayanin cewa Eren ne ya karkatar da Dina zuwa ga uwarsa, an faɗe shi an wuce kamar ba komai ba. Inda anime ya fi manga shi ne hirar ƙarshe da Armin. A manga Armin ya yi wa Eren wata godiya da ta tayar da ƙura, domin ta yi kama da yabon kisan kiyashi. A anime an faɗaɗa hirar, Armin ya ɗauki nasa kason laifin, ya ce makomarsu ɗaya ce a wuta, Eren kuma ya amsa cewa shi wawa ne da iko ya faɗo hannunsa. Wannan gyara ya ceci ƙarshen da yawa. Hotunan da ke tafiya tare da sunayen ma'aikata kada a tsallake su: Paradis ta bunƙasa, ƙarnuka suka shuɗe, yaƙi ya dawo ya rushe ta, wani yaro da karensa suka iso gindin wata ƙatuwar bishiya irin wadda Ymir ta faɗa ciki.

An zargi fim ɗin da ɗaukaka soja da kishin ƙasa mai zafi, wasu kuma sun ƙi jinin yadda ƙyallen dantse da unguwannin killacewa suka yi kama da abin da aka yi wa Yahudawa a Turai, alhali su Eldiyawan labarin da gaske suna rikiɗa dodanni. Suka ta biyu tana da ƙafa, aron bai zauna daidai ba. Ta farko ban karɓe ta ba, domin Floch da 'yan Yeager, mabiya Eren masu kishin ƙasar, an nuna su suna haɗa baki da waɗanda suka zuba wa manyansu guba a giya, suna harbe fursunoni, kuma mutum biyun da suka horar da yara yaƙi a ɓangarorin biyu, Shadis da Magath, tare suka mutu a jirgin ruwa guda suna nadama.

Ga iyaye: Sin ta saka shi cikin jerin anime 38 da ta haramta a 2015, kuma jinin da ke ciki ba wasa ba ne. Ana cin mutane da rai, akwai azabtarwa, akwai wurin da Reiner ya sa bakin bindiga a bakinsa. Samudawan tsirara suke, ko da yake ba a zana musu al'aura ba, kuma babu fage na batsa a fim ɗin. Akwai shan giya, akwai masu bautar ganuwa da masu ɗaukar Ymir abin bauta, duk a matsayin al'adun duniyar ƙirƙira. Ni ba zan bai wa wanda bai kai shekara 16 ba, kuma kasancewarsa zane kada ya ruɗi kowa ya bar shi a wayar yara.

A bi shi a jere yadda ya fito, kada a fara da fina-finan taƙaitawa, domin suna yanke ƙananan alamun da su ne daɗin abin. Akwai gajerun fitowa na gefe. Wanda ya shafi littafin Ilse a kalle shi kafin zango na 2, yana share fagen wata magana da za ta zo. Kashi biyu na tarihin Levi a birnin ƙarƙashin ƙasa a kalle su kafin zango na 3. Sauran ana iya barinsu sai an gama. Kuma daga ranar da ka fara, ka guji neman sunan kowane ɗan wasa a Google ko YouTube, domin akwatin bincike kansa zai cika maka sauran jimlar da yadda ya mutu.